Me ya kamata mu sa ran gani daga Mahomes da Kelce a kakar 2025?

Abu Sultan, Jidda

Assalamu alaikum ƴan uwa. Nasan mu masu kallon ƙwallon Amurka ba mu da yawa a nan, kowa Ittihad da Hilal yake, amma dan Allah waɗanda suka daɗe suna bin NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, ku taimaka min. Ni Kansas City Chiefs nake yi, kuma tun Super Bowl, wasan ƙarshe na cin kofi, na Fabrairun 2025 da Eagles suka yi mana 40 da 22 wani abokin aikina ya tasa ni gaba wai mai jifa mana ƙwallo Patrick Mahomes ya gama yayi, hujjarsa a 2018 ya jefa tacdawun 50 (wato cin da ake yi in an kai ƙwallo ƙarshen filin abokan hamayya), bara a kakar 2024 kuma 26 kacal, Travis Kelce mai cafe masa ƙwallo ma ya tsufa. To yanzu da za a shiga sabuwar kaka me zan sa a raina, in jira Mahomes ɗin da na sani ya dawo ko in rage buri? Wlh abin yana damuna sosai dan ba ƙaramin bacci nake hana idona ba saboda mutanen nan.

Baban Hanan, Makka

Wa alaikumus salam ƙanina. Ka gaya wa abokinka ya koma ya kalli wasan nan da kyau, ya bar kallon Mahomes ya kalli layin mutum biyar ɗin da ke tsaye a gabansa suna kare shi. Sau 6 aka kayar da shi da ƙwallo a hannu, kuma Eagles ko ƙarin mutane ba su turo ba, mutum huɗun gabansu kawai suka ishe su, sauran bakwai duk suna baya sun toshe hanyar jifa, ya'ni ba lokaci ba kuma wanda zai jefa wa. Kafin a je hutun rabin lokaci an yi 24 da nema. Kuma matsalar ba ranar ta fara ba, duk kakar bara gefen hagu na layin nan yana yoyo, sun gwada wannan sun gwada wancan har sai da koci Andy Reid ya ɗauko Joe Thuney daga gurbinsa na ciki ya kai shi can gefe inda ba wajensa ba. Gefen hagu kuwa shi ne bayan mai jifa da hannun dama, baya ganin wanda ya taho masa.

Irin wannan ta taɓa faruwa. Fabrairun 2021 da Tampa Bay, masu tsaron gefensa biyu duk suna jinya, aka tashi 31 da 9, ko tacdawun ɗaya Chiefs ba su ci ba. Lokacin ma an ce ya ƙare. Suka gyara layin, ya ɗau kofi a 2023 ya sake ɗauka a 2024.

Dan haka ni mutumin da na zuba wa ido bana ma ba Mahomes bane, yaron nan ne Josh Simmons da suka ɗauko daga jami'ar Ohio State a zagayen farko na zaɓen sabbin ƴan wasa. An sayar da Thuney ga Chicago, in yaron ya riƙe gefen hagu zaka ga jifa mai nisa ta dawo, in bai riƙe ba haka zamu ci gaba da ganin ƴar gajeriyar jifa ta yadi biyar biyar. Shi ma Simmons ɗin daga jinyar gwiwa ya taso, kada a ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa tun watan Satumba.

Ɗan Madina

Alhaji ka yi gaskiya a maganar layi amma ni ban yarda a wanke Mahomes tas ba. Mutumin da ya sa hannu a kwantiragin dala miliyan 450 na shekara 10 dole a tambaye shi fiye da kowa, tunda akwai iyakar kuɗin da kowane kulob zai kashe a albashi, bara dala miliyan 255 da ɗoriya ne, duk abin da ya ɗauka an rage ne daga abin da za a sayo masa masu taimako. Dalilin biyansa kenan, ya rufe ɓarakar da rashin kuɗi ya bari. Kuma ya taɓa yi, a 2022 an sayar da Tyreek Hill ga Miami kowa yace shikenan, sai gashi ya jefa yadi 5,250 da tacdawun 41 ya zama gwarzon kaka. Bara bai kai yadi 4,000 ba. A Super Bowl ɗin ma ƙwallo biyu ya jefa a hannun ƴan Eagles, ɗaya Cooper DeJean ya gudu da ita har gida, wannan ba laifin Thuney bane.

Abin da nake jira daga gare shi bana: ya haura yadi 4,000, tacdawun ya kai 30 ko fiye, kalas. 50 ɗin nan kam a manta da ita, tunda aka kafa NFL mutum uku ne kawai suka taɓa kaiwa, shi da Tom Brady da Peyton Manning, kuma babu wanda ya maimaita.

Ummu Rayyan, Riyad

Ni maganar Kelce ce ta kawo ni, dan raina baya so in ji ana cewa ya zama kaya. Bawan Allahn nan a watan Oktoba zai cika 36, a wasan da kullum ƙato ne ke faɗo maka. Shekara bakwai a jere daga 2016 zuwa 2022 yana wuce yadi 1,000, babu wani mai buga gurbinsa da ya taɓa yin haka. Bara ya cafe ƙwallo 97 amma yadi 823 kawai da tacdawun 3, ma'ana hannun yana nan, sanin inda zai tsaya yana nan, ƙafar ce ta rage, in ya cafe baya iya ƙwacewa ya ƙara yadi goma kamar da. To me yasa za a auna shi da ma'aunin 2020? Ni in ya ba mu yadi 700 zuwa 800, yana cafe ta a ƙoƙari na uku cikin huɗun da ake ba kulob ya ci yadi goma, lokacin da ake neman yadi shida ko bakwai, ya kuma kai Janairu, lokacin wasannin sili-ɗaya-ƙwale na neman kofi, da lafiyarsa, wlh ya biya ni. Gudun kuma a bar wa sauran masu cafe ƙwallo, Xavier Worthy da Rashee Rice, su ne da jini a jika, kuma ku tuna Rice tun wasa na huɗu bara gwiwarsa ta fitar da shi, wannan ma ya taɓa lambobin Mahomes.

Abu Sultan, Jidda

Allah ya saka da alheri. Yaya Ummu Rayyan kin sanyaya min rai kan Kelce. Amma Alhaji akwai abin da har yanzu bai kwanta min ba, mun ci wasa 15 cikin 17 bara amma 11 daga ciki da ƙyar aka sha, tazarar ci ɗaya, wasu ma a sakan na ƙarshe. Wannan ƙwarewa ce ko sa'a ce da zata iya juya mana baya?

Baban Hanan, Makka

Duka biyun ne ƙanina, kuma kada ka sa ran 15 bana. Wasan Denver da aka tare musu bugun ƙarshe ai ba kullum ake samun irinsa ba. In sun ci 11 ko 12 sun shiga wasannin Janairu da layinsu a tsaye ni ya ishe ni. Wasan farko da Chargers a Brazil za a yi, daren Juma'a a can, mu nan wajen ƙarfe 3 na dare wayewar Asabar, wanda bashi da dawam, wato aiki, ranar ya daure ya tashi, kuma ka sa ido a gefen hagu ka ƙirga sau nawa aka taɓa Mahomes kafin hutun rabin lokaci.