Wa ya san littafi a kan gine-ginen Sawakin?

Zainabu: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. An ba ni aikin bincike a makaranta a kan tsoffin gidajen bakin Bahar Maliya. Na je Sawakin, tsohon garin tashar jiragen ruwa na Sudan, ranar Juma'a, daga nan Bur Sudan ba nisa, amma wallahi abin da na tarar a tsibirin yawanci tarin duwatsu ne. Ta ina zan fara karatu?

Malam Isa: Wa alaikumus salam 'yata. Fara da littafin Jean-Pierre Greenlaw, The Coral Buildings of Suakin, na 1976. Mutumin malamin zane ne a Kartum, ya riƙa zuwa tsibirin yana auna gidaje yana zana su da hannu tun suna tsaye. Za ki ga fasalin ɗakuna, ƙofofi, da roshan, wato tagar katako mai turowa waje wadda ake zama a cikinta a sha iska ba tare da na titi ya ga mutum ba. Ya kuma raba gidajen gida biyu, tsofaffi na salon Turkawa da na baya na salon Masar. Ni ban taɓa buɗe shi ban ji ƙwalla ba, don yawancin abin da ya zana yau babu shi.

Zainabu: Allah ya saka, Baba Malam. To me ya rushe su haka? Na ɗauka yaƙi ne.

Malam Isa: Ba yaƙi ba ne, ƙaura ce. Da aka buɗe tashar jirgin ruwa ta Bur Sudan a 1909, fatake suka kwashe zuwa can. Dutsen murjani da aka gina gidajen da shi kuwa mai ramuka ne, yana shan danshi da gishirin teku, sai ana sabunta masa shafen farar ƙasa a kai a kai. Mai gida ya tafi, babu mai shafe, bango ya fara zubewa. Masallatan Hanafi da Shafi'i da kika gani tsaye, Turkiyya ce ta gyara su.

Ɗan Jidda: Ƙanwata, in kina son ganin yadda Sawakin take a da, ki dubi hotunan unguwar Balad ta nan Jidda. Dutse iri ɗaya, roshan iri ɗaya, har da katakon da ake shimfiɗawa tsakanin layukan dutse don ya riƙe bango. UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihin duniya a 2014. Littafi kuma, Geoffrey King, The Traditional Architecture of Saudi Arabia, 1998. Yana da tsada fa.

Hajiya Kaltume: Ni ƙorafina ɗaya, kowa na maganar gidan attajirai. Gidan jalus, wato ginin laka, da muka tashi a ciki fa? A nemi na Marian Wenzel, House Decoration in Nubia, 1972, a kan adon bangon gidajen ƙasa na yankin Wadi Halfa, waɗanda ruwan madatsar Aswan ya cinye bayan an kwashe mutanensu zuwa Sabuwar Halfa a 1964. Har faranti suke mannawa a saman ƙofa.

Usmanu Gadarif: Ga na Hassan Fathy, mai tsara gine-gine ɗan Masar, akwai shi da Larabci, Imaratul Fuƙara, wato ginin talakawa. Shi ya fi sauƙin samu.

Malam Isa: Yana da amfani, Usmanu, musamman inda ya bayyana yadda maginan Nuba ke ɗaura rufin bulon ƙasa ba tare da katakon tallafi ba. Amma labarin Masar ne, kuma ƙauyen da ya gina a Gurna mutanen da aka yi dominsu da yawa sun ƙi komawa. A karanta shi da wannan a rai.

Hajiya Kaltume: Zainabu, kada ki manta da namu. Kakana magini ne, daga Kano iyayensa suka taso da niyyar Hajji suka zauna a Mai Wurno a nan Sudan. Bakinsa na fara jin tubali, azara, makuba, zanko, bakan gizo. Yana cewa maginin da bai iya ɗaurin guga ba, wato rufin soro a kan bakunan gizo, almajiri ne har yanzu. Da na girma na ga hoton Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, sai na gane abin da yake nufi. Littafin Moughtin, Hausa Architecture, 1985, ya yi bayanin waɗannan kalmomin da zane. Ki ajiye shi kusa da na Greenlaw ki gwada zaure da diwan na gidajen Sawakin, duk biyun wurin tarar baƙo ne don kada ya kutsa cikin gida.

Zainabu: Inna, wannan gwajin shi zan sa a babi na biyu. Akwai sauran dattawan magina a Mai Wurno da zan iya yi wa tambaya?

Hajiya Kaltume: Akwai ƙanin mahaifina, ya tsufa amma hankalinsa garau. Ki rubuto tambayoyinki da Hausa, ba ya son a yi masa Larabcin makaranta. Zan kira shi bayan la'asar in ɗauko miki muryarsa.

Malam Isa: Na Greenlaw kuma yana wurina. Ki zo gida gobe bayan azahar ki karanta a nan, amma ba ya fita daga zaure, bangonsa ya riga ya saki.