Kwana talatin na aikin kwalbati: daga wace rana ake ƙirgawa?

Malam Habu, sakataren ƙungiya: Assalamu alaikum. Takardar da muka sa wa hannu da ɗan kwangilar kwalbatin hanyar kasuwa ta ce zai kammala "cikin kwana talatin daga ranar da aka biya kafin alƙalami", kuma duk ranar da ya ƙara za a cire naira dubu goma daga cikon kuɗinsa. Mun biya ranar Litinin, 3 ga Maris 2025, ya miƙa aiki ranar 9 ga Afrilu. Shi ya ce bai makara ba, domin ranakun aiki ake nufi, wa'adinsa sai 16 ga Afrilu. Muna neman ra'ayinku kafin mu je gaban Dagaci.

Alhaji Sule, ma'aji: Wa alaikumus salam. Ni na ƙirga masa kuɗin a hannu da hantsi a ƙofar masallaci, kuma kafin la'asar tifa ta sauke yashi. Ranar da aka fara aiki a cikinta ba za a jefar da ita ba. Litinin ita ce ta ɗaya, wa'adi ya cika 1 ga Afrilu, ya makara da kwana takwas, dubu tamanin ke nan.

Malam Isa: Alhaji, ranka ya daɗe, kalmar da aka rubuta ita ce "kwana", kuma ba a cewa an yi kwana ɗaya sai dare ya wuce. Jaririn da aka haifa ranar Litinin, Litinin ta zagayo ake raɗa masa suna, muna cewa ya kwana bakwai, alhali in an haɗa da ranar haihuwa ranaku takwas ne. A kan wannan ƙirga Talata ce ta ɗaya, wa'adi ya faɗa Laraba, 2 ga Afrilu.

Hadiza, daga Ringim: Allah ya gafarta Malam, doka ma haka ta tafi. Sashe na 15 na Dokar Fassara ta ƙasa, ta 1964, ya ce idan aka ƙirga kwanaki daga wani abu da ya faru, ba a sa ranar da ya faru a ciki, kuma idan ranar ƙarshe ta faɗa Lahadi ko ranar hutu, wa'adi yana tsallakawa zuwa ranar da ba hutu ba. An yi dokar ne domin fassara dokoki, ba yarjejeniyar mutane biyu ba, amma ma'auni ne mai kyau. Baba Alhaji, ko da ƙirgarka aka bi, 1 ga Afrilu hutun ƙaramar Sallah ne da gwamnatin tarayya ta bayar, don haka 2 ga wata za a koma.

Sarkin magina: Ba na kare kowa, amma ku tuna yawancin aikin cikin azumi aka yi shi, leburori suna tashi da azahar, kuma kankare yana bukatar a yi ta ba shi ruwa na kwanaki kafin a ɗora masa nauyi.

Hadiza: Kawu, wannan dalilin neman sassauci ne, ba ma'anar takarda ba. Dokar da na ambata ba ta cire ranakun hutu daga ƙirga sai wa'adin bai wuce kwana shida ba. Kuma a kai 16 ga Afrilu sai an cire ranakun hutun Sallah biyu da kuma Asabar da Lahadi, wato hutun ma'aikatan ofis, alhali Malam Habu ya shaida mini cewa ranar Juma'a kaɗai yaran ɗan kwangilar suke hutawa.

Alhaji Sule: Na janye rana ɗaya, dubu saba'in. Sassauci kuwa, ɗan kwangilar ya zo da kansa ya roƙa a gaban Dagaci.

Malam Habu: To, 2 ga Afrilu zan rubuta. A takardar rufin Islamiyya da ke tafe zan sa ranar ƙarshe da sunanta da kwanan watanta.