Me ya sa muke son wannan ƙazamin shugaban 'yan leƙen asiri?

Telan Jekadafari:

Assalamu alaikum. Tambaya gare ni ga waɗanda suka kalli Slow Horses, fim ɗin nan mai dogon zango da Apple TV+ ta fara nunawa a 2022. Ina nufin Jackson Lamb, shugaban Slough House, ofishin da hukumar leƙen asirin cikin gida ta Birtaniya, MI5, take jefa ma'aikatan da suka yi kwaɓa. Wani ya manta faifan bayanan sirri a jirgin ƙasa, wani ya lalata atisaye a filin jirgin sama. Ba a kore su ba, an dai tura su can su yi ta aikin banza har su gaji su ajiye da kansu.

Mutumin nan ƙazami ne. Yakan ɗora ƙafa a kan tebur, safarsa a huje, babban yatsa a waje. Gashinsa kamar bai taɓa ganin ruwa ba, ga sigari, ga giya, ga sakin iska a gaban mutane ba ko kunya. Bakinsa kuwa ba ya furta alheri ga yaransa. Ni tela ne, ina da yara huɗu a shago, kuma wallahi da ƙanena ne yake aiki a ƙarƙashin irin wannan da na ce ya baro wurin. Amma idan na rufe shago da dare na kunna waya, shi nake jira ya fito. In aka daɗe ba a nuna shi ba sai in ji fim ɗin ya yi sanyi. Abin yana damuna da gaske, domin ba tarbiyyarmu ba ce. Me yake jan mu gare shi?

Baba Mai Ritaya, Bolari:

Wa alaikumus salam, ɗana. Jikana ne ya tura mini shi, kuma na gane mutumin tun kashi na biyu, domin na yi aikin gwamnati har na yi ritaya.

Ka duba zangon farko da kyau. An sace wani ɗalibi Musulmi, Hassan Ahmed, ɗan asalin Pakistan, masu ƙyamar baƙi suna barazanar fille masa kai. Daga baya ta bayyana cewa Diana Taverner, mataimakiyar shugabar hukumar, ita ta kitsa abin don ta ceto yaron a yaba mata. Da ya kwaɓe, sai ta nemi ɗora laifin a kan 'yan Slough House, tunda dama ba su da gata. Mace ce tsaf-tsaf, maganarta a natse, ofishinta na ƙyalli. Wa ya tsaya wa yaran? Wannan ƙazamin da yake zaginsu kullum. Shi ya tattara su cikin dare ya fitar da su kafin a kama su, shi ya je ya zauna da ita ya nuna mata ya san abin da ta binne.

Na yi aiki da masu gida iri biyun nan. Akwai wanda yake kirana "Alhajina" yana tambayar iyali, ranar da wata takarda ta ɓata a ofis, wadda shi ya karɓa da hannunsa, sunana ya rubuta a rahoto. Aka yi mini canjin wurin aiki zuwa wani lungu. Can na tarar da wani dattijo mai faɗa, gaisuwa ma da ƙyar yake amsawa. Amma da masu bincike suka zo daga hedikwata suna neman wani ƙaramin akawu, tsayawa ya yi a bakin ƙofa ya ce duk takardar da ta fita daga nan da sa hannunsa ta fita, shi za a tambaya. Duk wanda ya taɓa zama ƙaramin ma'aikaci ya san wanne ne a cikinsu yake yi wa addu'a har yau.

Malama Ta Pantami:

Baba, Allah ya ƙara girma, a gafarce ni, ban yarda da duka ba. Wanda bai kai zango na uku ba ya tsallake wannan.

Catherine Standish, sakatariyar Lamb, nake tunani. Baiwar Allah ta yi fama da shaye-shaye ta samu ta daina, shi kuma yana shan giyarsa a gabanta yana yi mata gori da abin da ya wuce. Tana girmama tsohon maigidanta Charles Partner, tana zaton kashe kansa ya yi, alhali Lamb ne ya harbe shi saboda yana sayar wa Rasha sirri. Shekaru tana kai wa Lamb shayi ba ta sani ba. Ranar da ya tashi gaya mata cewa Partner maci amana ne, har yana shirin laƙa mata laifinsa, cikin fushi ya jefa mata maganar, a gidan mai, ta ajiye aikin ta kama hanya a ƙasa. Gaskiya ya faɗa, amma don ya ji mata ciwo ya faɗe ta.

Abin da nake tsoro shi ne mu saba da cewa wanda ya kare ka yana da izinin wulaƙanta ka. Mata da yawa a garin nan suna zaune a irin wannan, ana ce musu ai yana ciyar da ke, ai ba ya bari kowa ya taɓa ki. Ina kallon fim ɗin, ina kuma jin daɗinsa, amma saboda Catherine nake komawa, ba saboda shi ba.

Ɗalibin Kashere:

Anti Malama ta taɓo wuri. Ni dai ina ganin rabin amsar tana wajen ɗan wasan. Gary Oldman ne fa, wanda ya ci kyautar Oscar a 2018 da ya fito a matsayin Winston Churchill. Ku lura da idonsa lokacin da ake ba shi rahoto: jiki a sake kamar mai gyangyaɗi, amma ba abin da ya wuce shi. Marubucin littattafan da aka ɗauko fim ɗin daga cikinsu, Mick Herron, ya fitar da na farko a 2010, kuma ya gina Lamb a kan tsohon jami'in da ya yi aiki a Balin zamanin yaƙin cacar baka, kafin katangar da ta raba birnin ta faɗi a 1989. Ya ga yadda manya suke sayar da na ƙasa. Ƙazantar tana yi masa amfani, domin kowa raina shi yake yi har sai ya makara. A zango na biyu an tsinci gawar wani tsohon ɗan leƙen asiri a cikin bas, kowa ya ce ciwon zuciya ne, shi kaɗai ya je ya laluba kujerar har ya zaro wayar mamacin.

Telan Jekadafari:

Na gode ƙwarai. Baba, maganarka ta shige ni, ina ganin ita ce ke riƙe ni a fim ɗin. A shago idan yaro ya ɓata yadin mutum, ni nake fita in ba da haƙuri in biya, ba na nuna shi da yatsa. Amma Malama, ban iya kauce wa taki ba, domin bayan mai kaya ya tafi akwai kalaman da nake gaya wa yaron waɗanda ba zan so mahaifiyarsa ta ji ba.

Baba Mai Ritaya, Bolari:

'Yata Malama, kin yi gaskiya a kan Catherine, ban musa ba. Dattijon da na ba ku labari ma akwai wani masinja da ya bar aiki saboda bakinsa, kuma yaron kirki ne, yana da mata da 'ya'ya biyu a lokacin.