Marauder ya hana ni wucewa a Doom Eternal

Salam 'yan uwa. Kwana 4 ke nan ina maƙale a ƙarshen matakin ARC Complex na wasan bidiyon Doom Eternal, a PS4 nake bugawa. Marauder ɗin nan, aljanin da ake faɗa da shi a wurin, ya zame mini ƙarfen ƙafa.

In na matso, ya sakar mini bindiga. In na ja baya, ya jefo gatari. In na harbi garkuwarsa, ya sako mini kare. Na san sai idonsa ya yi kore ake harbinsa, kuma ina samunsa da bindigar Super Shotgun, amma kafin in danna maɓallin R1 in ɗauko bindigar Ballista ya riga ya ɗaga garkuwa. Har wahalar wasan na rage, duk kanwar ja ce.

Don Allah yaya kuke sauya makami da sauri har ku yi harbi biyu kafin ya farfaɗo?