Muhawara: Shin a kan fata kakanninmu suka rubuta Alƙur'ani?

Mai Zayyana (Rigasa): Assalamu alaikum malamaina. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Ni a ganina mun bar asali. Magabata a kan fata suke rubuta Alƙur'ani, shi ya sa rubutunsu ya haura shekara dubu. Takarda Bature ne ya kawo mana ita, ga shi Alƙur'anin da aka rubuta shekara talatin baya har ya yi ja, yana karyewa a hannu. Ku dubi warƙa biyun nan da ke Jami'ar Birmingham a Ingila. A 2015 aka sanar da sakamakon gwajinsu, aka ce dabbar da aka yi amfani da fatarta ta rayu ne tsakanin 568 da 645 miladiyya, kuma har yau ana karanta ayoyin Kahfi da Maryam da Ɗaha a jikinsu. Mu da Allah ya ba jar akuyar Sakkwato, me ya hana mu? Ina kira ga duk mai rubutu da zayyana a garin nan ya koma fata.

Ɗalibar Tarihi (Unguwar Sarki): Wa'alaikumus salam Yaya. Magabata su wa kake nufi? In mutanen ƙarnin farko na Musulunci ne, gaskiyarka. In kuwa malaman ƙasar Hausa da Barno ne, maganar ba haka take ba. Je Arewa House ko gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke nan Kaduna, ka roƙi a fito maka da tsofaffin rubuce-rubucen Larabci da ajami. Takarda za ka gani. Ka ɗaga warƙa ɗaya ta fuskanci haske, sau da yawa za ka hango tambarin jinjirin wata uku a cikin jikinta. Takardar Italiya ce, daga yankin Benis, mafi shahara ta gidan Galvani, fatake suke ratso Sahara da ita daga Tarabulus da Masar. Barth, matafiyin nan Bajamushe, da ya shigo Kano a 1851 ya ambace ta cikin hajojin da ake kawowa kasuwa, wato fiye da shekara hamsin kafin sojojin Lugga su ci Kano a 1903. Ba mulkin mallaka ne ya koya mana takarda ba.

Mai Zayyana (Rigasa): To ai kin faɗa da bakinki, ƙanwata. Ta Italiya ce. Italiya ba Turai ba ce?

Ɗalibar Tarihi (Unguwar Sarki): Turai ce, amma su ma a hannun Musulmi suka koya. Sinawa ne suka fara yin takarda, ta shigo Samarƙandi a ƙarni na 8, aka fara yin ta a Bagadaza zamanin Haruna Rashid, ta bi ta Andalus ta shiga Turai. Alƙur'anin da shahararren marubuci Ibnul Bawwab ya rubuta a Bagadaza a shekara ta 391 bayan hijira, wanda ke ajiye a birnin Dublin yanzu, a kan takarda yake, kuma ya haura shekara dubu.

Gardi (Kawo): Ni dai ina bayan Mai Zayyana. Allah da kansa ya yi rantsuwa a Suratu Ɗur da littafi rubutacce “fi raƙƙin manshur”, malaman tafsiri kuma sun ce fata ce sassauƙa da ake rubutu a kai. Wannan bai isa daraja ba?

Alaramma (Tudun Wada): Ya isa daraja, ɗana, amma ba umarni ba ne. Lokacin da Sayyidina Abubakar ya sa Zaidu ɗan Sabitu ya tattara Alƙur'ani, daga zarbar dabino da fararen duwatsu da ƙirazan mazaje ya tattaro shi. Da abin da suka samu suka yi aiki, ba wanda ya ce albarkar tana cikin zarba ko dutse. Ni abin da na gada daga malamaina shi ne takarda a ciki, fata a waje. Warƙoƙi a sake, ba ɗinki, a haɗa su cikin tadarishi, a ɗaure, a sa a gafaka. Kowa da aikinsa: mai rubutu ya rubuta, mai zayyana ya ƙawata kan izu da rubu'i da sumuni da wurin sujada, baduku ya yi musu riga. Wannan ma asali ne, kuma shi ne namu.

Ɗan Majema (Badarawa): Allah ya gafarta Malam, a ba ni dama in sa baki, don ina jin ana haɗa abu biyu. Fatar gafaka da fatar rubutu ba hanya ɗaya suke bi ba. Tamu jima ake yi: a cire gashi da toka, a wanke, a tsoma ta a ruwan bagaruwa har ya ratsa ta, a shafa mai, a murza ta yi laushi. Wannan ita Turawa suka daɗe suna saye suna yi wa littattafansu bango, har suna kiran ta fatar Maroko alhali daga Sakkwato da Kano ta fito. Amma ka ɗora alƙalamin gamba a kanta ka gani, tawada za ta baje, harafi ba zai tsaya ba. Ita fatar rubutu ba a jeme ta ko kaɗan. Ana jiƙa ta kwanaki a ruwan ƙonanniyar farar ƙasa har gashi ya saki, a kankare, sannan a ɗaure ta a jikin katako a ja ta ko'ina ta miƙe tsaf, a dinga karce ta da wuƙa mai siffar jinjirin wata tana bushewa ana ƙara ɗaurewa. Wannan jan da ake yi mata tana bushewa shi ne sirrin, shi ke sa ta yi fari ta yi shafal. Ta fi kusa da fatar ganga a kan fatar takalmi. Mafi kyawunta ta ɗan maraƙi ce, sai ta akuya. Ta tunkiya tana da maiƙo, kuma takan ɓare gida biyu in aka matsa mata da kankara. Gefen tsoka ya fi haske, gefen gashi ya fi duhu kuma ana ganin ƙofofin gashin. Kafin a yi rubutu sai an goge ta da dutse mai laushi an barbaɗa alli ya tsotse maiƙon. Aiki ne da za mu iya koya, ga cibiyar nazarin fata nan kusa a Samaru, Zariya. Amma kada a ce muna da shi a hannu yanzu.

Baba (Unguwar Shanu): Yaran nan, kafin ku yi nisa. Na ji wasu na cewa ana sayo ta daga waje ta intanet. Wa ya yanka dabbar? A mazhabarmu ta Malikiyya, fatar mushe ko an jeme ta ba ta samun cikakken tsarki. Mai Risala ya ce babu laifi a amfana da ita in an jeme, amma ba a salla a kanta, ba a sayar da ita. Wannan fa wadda aka jeme ke nan. To ina ga wadda ba ta ga jima ba, kuma zancen Allah za a ɗora mata? In za a yi, a yi da fatar dabbar da muka san an yanka ta da bisimilla.

Gardi (Kawo): Wannan mai sauƙi ne Baba. Fatun layya kaɗai sun ishe mu.

Ɗan Majema (Badarawa): In an feɗe su da kyau. Yawancin fatun layya wuƙa ta sossoke su, wasu an bar su a rana ba gishiri har sun fara wari. Ƙaramin yanka ɗaya, da an ja fatar a katako zai buɗe ya zama rami.

Mai Zayyana (Rigasa): Na ji duka, amma ban sauka daga kan bakata ba. Habashawa har yau suna gyara fatar akuya su rubuta littattafan cocinsu, kuma 'yan Afirka ne kamarmu. Yahudawa ba sa rubuta Attaurar da ake karantawa a majami'arsu sai a kan fata. Majalisar dokokin Ingila ma sai a 2017 ta daina buga kwafin ajiya na dokokinta a kan fatar maraƙi. Mu koma gida: rubutunmu daga Magrib ya samo tushe, ƙira'armu Warshu ce, kuma mutanen Magrib sun ci gaba da rubuta Alƙur'ani a kan fata ɗaruruwan shekaru bayan mutanen gabas sun koma takarda. Akwai shuɗin Alƙur'anin nan da mafi yawan warƙoƙinsa ke Tunisiya, fata ce aka rina da baba aka rubuta da ruwan zinare. Duk lokacin da na ga hotonsa sai in tuna marinar Ƙofar Mata. Muna da akuya, muna da baba, muna da hannu. Ni mai zayyana ne, na san yadda launi ke mutuwa a kan takardar yanzu. A kan fata launi zaune yake a sama, ja ya fito ja, rawaya ta fito rawaya.

Ɗalibar Tarihi (Unguwar Sarki): Batun Magrib haka yake, Yaya, ban musa ba. Batun launi ma kai ne masani. Inda muka rabu shi ne cewa fata ba ta lalacewa. Waɗanda suka kai zamaninmu su ne waɗanda suka dace da wurin ajiya, kamar tarin da aka gano a babban masallacin San'a ta Yaman a 1972 ana cikin gyara. Fata tana shan laima tana saki. A watan Agusta na Kaduna za ta kumbura ta yi tudu da kwari, hunturu ya zo ta ƙanƙance ta bushe ƙamas. Duk wannan motsin, launin da ke zaune a samanta ba ya bin ta, sai ya tsage ya ɓare. Shi ya sa littattafan fata na Turai ake yi musu bangon katako da maƙulli na ƙarfe, don a danne su. Namu kuwa warƙoƙi ne a sake, a ɗakin da wani lokaci ma yana yoyo. Ga ɓera, ga fumfuna. Sannan a cikin tarin San'a ɗin nan akwai wanda aka kankare rubutun farko aka sake wani a kai, don fata tana karɓar kankara. An ruwaito cewa wannan na cikin dalilan da suka sa Haruna Rashid ya ce a koma takarda a ayyukan hukuma, saboda ita in an goge sai an gane.

Alaramma (Tudun Wada): Bari in taɓa abin da ya fi damuna, don kukan da Mai Zayyana ya fara da shi gaskiya ne. Alƙur'anan yanzu suna saurin lalacewa. Amma laifin na wace takarda ne? Ta da, daga tsummokaran lilin ake yin ta, shi ya sa wadda kakanninmu suka rubuta tana nan da ƙwarinta. Ta kasuwa ta yanzu daga niƙaƙƙen itace take, akwai tsami a jikinta da ke cin ta a hankali. Sannan tawada. Zuge na allo ne, gawayi da ƙaro, an yi shi ne don a wanke. Ta takarda daban ce, bagaruwa ake jiƙawa da ƙarfe, tana kama jiki, tana ƙara duhu bayan ta sha iska. Yau sai ka ga yaro ya haddace sittin, hannunsa kyakkyawa, amma wasalinsa da jan biro ya yi shi, hamzarsa da alƙalamin maka, a kan takardar kwali. Shekara goma jan ya koɗe, kore ya ɓace, mai karatu bai san inda alifin wasali yake ba. Wannan shi ne ciwon, kuma maganinsa yana kusa: akwai takardar auduga marar tsami da masu zane ke amfani da ita, a haɗa kuɗi a sayo, a koya wa yara haɗa tawada da koya, wato jar ƙasar rubutu. In mun kasa wannan, fata ba za ta cece mu ba.

Ɗan Majema (Badarawa): A yi lissafi ma. A ce fatar akuya ɗaya ta ba da warƙa huɗu masu kyau, a ce Alƙur'anin ya ci warƙa 500 saboda girman rubutunmu. Akuya 125 ke nan, ban da waɗanda za su lalace wajen gyara. Wane alaramma ne zai ɗauki wannan, wa kuma zai saya?

Mai Zayyana (Rigasa): Masu gina masallatai na miliyoyi za su iya, in an nuna musu. Amma ko cikakken Alƙur'ani bai samu ba, zayyanar sauka fa? Warƙa ɗaya ce, Fatiha da farkon Baƙara, a sa a gilashi. Allon zayyana da muke yi wa masu sauka da fentin kanti muke cika shi yanzu, wanda ba namu ba ne ko kaɗan, ba wanda ya yi magana.

Ɗalibar Tarihi (Unguwar Sarki): Wannan ina goyon baya ɗari bisa ɗari. Sharaɗina ɗaya, a kira shi sabon abu da muka ɗauko daga 'yan'uwanmu na Magrib da Habasha. Kada a gaya wa yara cewa Shehu Usmanu da Abdullahin Gwandu da Nana Asma'u a kan fata suka yi rubutu.

Gardi (Kawo): Ni har yanzu ina ganin tun da an fara a kan fata, ita ce asali, ko da namu kakannin ba su yi ba.

Ɗan Majema (Badarawa): To a gwada. Mai Zayyana, ka samo fatar ɗan akuya biyu daga mahaucin da ka yarda da yankansa, ka tsaya a kansa ya feɗe da hannu ba da tsinin wuƙa ba, a kawo mini a ranar. Katakon ɗauri ni zan haɗa. In sun bushe, ɗaya a sa ta a gilashi, ɗaya a bar ta a tadarishi, su ga damina su ga hunturu.

Alaramma (Tudun Wada): Madalla. Amma a wannan gwajin kada a rubuta aya, don ba mu san ko za ta ɓare ko za a yar ba. A rubuta babbaƙu, a ja layin zayyana da launi uku, rabi da zuge rabi da tawadar bagaruwa, mu ga wadda za ta zauna. Tawadar ni zan haɗa, a aiko yaro ya karɓa bayan sallar Juma'a.