Na karye a bakin aiki, maigida ya ce in biya kuɗin kaya

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa, a taimaka mini da shawara. A Garwa nake, ƙasar Kamaru. Shekara ɗaya da wata huɗu ina yi wa wani bawan Allah aikin kai saƙo a babur ɗinsa. Da safe mu bi ajans-ajans, wato tashoshin kamfanonin motocin fasinja, mu karɓo kayan da suka iso daga Ngaundare ko Maruwa, mu rarraba wa masu shaguna. Sefa dubu 40 yake ba ni ƙarshen wata, ba mu taɓa rubuta komai ba. Sati uku ke nan, na ɗauko kwalin wayoyi zan kai Pitowa, wata mota ta goge ni ta wuce abinta. Tsintsiyar hannuna ta dama ta karye, wayoyi huɗu suka fashe. Maigida ya leƙo asibiti sau ɗaya, ya ajiye dubu 10. Jiya ya aiko cewa kuɗin wayoyin a albashina zai cire, babur kuma ya riga ya miƙa wa wani yaro. Yanzu ko maɓallin riga matata ke saka mini. Akwai wata doka da ta san da zaman irinmu, ko in bar wa Allah?

Baba tsohon direba: Wa alaikumus salam. Sannu ɗana, Allah ya ƙara sauƙi. Ni dai kada ka fara da hukuma. Nemi dattijon da yake jin nauyinsa a unguwa, ko limaminsu, ku zauna. Gari ɗaya kuke, gobe ma za ka nemi aiki, kuma masu babura duk bakinsu ɗaya.

Tsohon akawu, Yelwa: Baba ya yi gaskiya, a fara da zama. Amma ƙanena, kada ka je zaman nan hannu rabbana, ka je ka san abin da yake naka. Dokar ƙwadago ta Kamaru, ta 14 ga Agusta 1992, ba ta ce sai mai takarda ne ma'aikaci ba. Abin da take dubawa shi ne: wa ke ba da umarni, wa ke biya? In shi ke ce maka je can, dawo nan, shi ke yanka maka albashi, to kai ma'aikacinsa ne, kuma an yarda ka kawo kowace irin shaida. Saboda haka kada ka kuskura ka goge saƙonninsa na WhatsApp, musamman na murya. In ta Orange Money ko MoMo yake turo kuɗinka, ajiye su ma.

Maganar karaya kuma akwai dokarta daban, ta 1977, kan haɗarin bakin aiki. Maigidan ne ya kamata tun farko ya yi maka rajista a CNPS, wato hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa, kuma kuɗin da ake zuba mata na haɗarin aiki daga aljihun maigida kaɗai yake fita, ba a taɓa na ma'aikaci. In haɗari ya faru, kwana uku na aiki aka ba shi ya kai rahoto CNPS. In ya ƙi, kai da kanka kana iya kaiwa, har cikin shekara uku. Ka koma wurin likitan da ya ɗaura maka filasta ya rubuta maka takarda mai ranar haɗari da kwanakin hutun da ya ba ka. Wani abu kuma, tun 2023 mafi ƙarancin albashi a aikin da ba na gona ba, ba na gwamnati ba, dubu 60 ne. Kai kuwa dubu 40 yake ba ka, sai ka yi lissafin giɓin dubu 20 sau wata 16 da kanka.

Mai babura biyu: Ku yi mana adalci mana. Mu ma ba kamfani ba ne. Mai wayoyin nan wuyan maigida zai riƙe, shi kuma ya kama wa? In aka ce kowa ya biya dubu 60 da CNPS, wallahi rabinmu ajiye babura za mu yi.

Tsohon akawu, Yelwa: Alhaji, na ji kukanka, amma doka ta hana maigida cin ma'aikaci tara, kuma ba ya yanke albashi don ya ga dama. In yana ganin ganganci yaron ya yi, ya je ya tabbatar a gaban hukuma. Mutum da aka buge aka gudu, ina gangancin? Ranar da kaya suka isa lafiya ai ba a raba riba da shi ba.

Hajiya mai atamfa: Ni abin da ke ci mini rai, mu masu kaya muna da laifi. Mu ne masu bugun waya, kana ina, yi sauri, kwastoma na jira, yaro yana tuƙi da hannu ɗaya waya a kunne, ga ranar Garwa. Ɗana, kana da hular kwano ranar?

Mai tambaya: Babu, Hajiya. Ɗaya ce tsakaninmu mu uku, igiyarta ma ta tsinke.

Ɗan kilando (ɗan acaɓa): Kar ka sa rai da inshorar babur, aboki. Wadda ake yankewa don jandarma, wanda ka buge take biya, ba kai mai tuƙi ba. Kuma ka gode Allah albashi kake karɓa. Mu da ke kai wa mai babur kuɗin yini, da an yi magana sai a ce haya muka ɗauka.

Tsohon akawu, Yelwa: In zaman dattawa ya ƙi, sai ofishin sufeton ƙwadago. Zai kira ku biyu ya nemi sulhu. In ba a daidaita ba, ya ba ka takardar rashin sulhu, da ita ake zuwa kotu, kuma shari'ar ƙwadago ba a biyan kuɗin shigar da ita. Abu ɗaya: duk takardar da aka miƙo maka da Faransanci, kada ka dangwala sai wani naka ya karanta maka.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na duba waya, saƙon da ya ce in yi maza in kai kwalin Pitowa kafin la'asar yana nan da muryarsa. Na tura wa ƙanena ya ajiye. Baba, kawuna ya ce zai same shi ranar Juma'a bayan masallaci. Litinin kuma ina da komawa asibiti, zan nemi takardar.