Tambaya kan tayirod da jin sanyi, da batun kitse mai ƙona abinci

Maman Yara, Tudun Wada:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu sani ku taimaka, tun shigowar hunturu ni kaɗai ke yawo da suwaita biyu da safa a gida, ga kasala ga ƙiba na ƙaruwa alhali cin abincina bai canza ba, na yi gwaji likita ya ce aikin tayirod ɗina (wata gaɓa a gaban wuya) ya yi ƙasa ya ɗora ni kan ƙwayar levothyroxine. To ƙanwata ta ce wai akwai wani kitse a jiki da ke ƙona abinci kuma tayirod ne ke kunna shi. Gaskiya ne? In na ƙara ƙwayar zan rame?

Ɗalibin Samaru:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ƙanwarki ta yi gaskiya. Kitse iri biyu ne, fari wanda ke taruwa a tumbi da cinya, sai mai ruwan ƙasa wanda aikinsa ɗumama jiki. Jarirai sun fi shi yawa, tsakanin kafaɗunsu ta baya, manya kuma a 2009 aka tabbatar da hoton cikin jiki na PET cewa muna da saura a wuya da saman ƙashin wuya. Idan sanyi ya bugi mutum jijiyoyi ke aika saƙo wurinsa, sai wani sinadari a cikinsa mai suna D2 ya juya T4 (sinadarin da tayirod ke fitarwa) ya koma T3 wanda shi ne mai ƙarfin, T3 ɗin kuma ya ƙara yawan furotin UCP1. Shi UCP1 ɗin nan yana sa a ƙona suga da mai amma zafi ne ke fitowa kawai, kamar janareto da ke shan fetur yana zafi ba a jona masa komai ba. Wannan na cikin abin da ya sa mai ƙarancin tayirod ke fama da sanyi, wanda nasa ya yi yawa kuma gumi ko ana jaura, ga rama.

Anti Nas, Sabon Gari:
Yar uwa don girman Allah kar ki ƙara ko rabin ƙwaya da kanki!! In ya yi yawa zuciya ke bugawa ba tsari, barci ya ƙaurace, ƙashi ya yi laushi a hankali. Kuma kitsen nan kaɗan ne a jikin babba, yawancin nauyin da ciwon ke ƙarawa ma ruwa ne da gishiri. Ki sha da sassafe kafin ki karya, ki ba shi kamar minti 30 zuwa awa ɗaya kafin koko ko shayi, maganin ƙarin jini da na kalsiyam kuma ki raba su da shi awa 4. Bayan sati 6 zuwa 8 ki koma a duba TSH (gwajin jini na aikin tayirod), likitan ne zai gyara adadin.

Maman Yara, Tudun Wada:
Ikon Allah, ai ni tare da shayin madara nake sha. Na gode Anti, gobe zan gyara insha Allah. To maƙoƙo fa, duk ciwo ɗaya ne?

Anti Nas, Sabon Gari:
Wuri ɗaya ne dai a maƙogwaro, kumburin tayirod ne, sau da yawa rashin aidin ke kawo shi. Ki duba gishirinki mai aidin ne, ki riƙa rufe shi.